Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice: Keffi da Farautar Ɓoyayyiyar Ajiya

Yawancin matafiya sanin shanu suka yi wa Keffi. Wanda ya taso daga Abuja zai tafi Jos, Lafiya ko Makurɗi, ta nan yake ratsawa, ya sayi doya ko ayaba ta tagar mota, ya ƙara gaba. Alhali garin, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja, ya isa maigida ya kwashi iyali su yi Asabar da Lahadi a cikinsa, balle a haɗa da wasan nan da Turawa ke kira jiyokashin: wani ya ɓoye ɗan gwangwani, ya ba da lambobin wurin, wasu su bi waya su nemo shi. Ga kaɗan daga abubuwan mamakin garin da na wasan.

1. Gari mai sunan shinge

Sunan Keffi daga kalmar "kafi" ya samo asali, wato shingen itatuwa da ake kafawa don kare gari daga mahara. Abdu Zanga, Bafulatani makiyayi daga ƙasar Katsina, shi ya kafa garin a wajajen shekarar 1800, kuma masarautar ta zauna tana bin Zazzau.

2. Baƙon da ya zo ba waya a hannu

A 1867 wani Bajamushe mai yawon duniya, Gerhard Rohlfs, ya sauka a Keffi. Tun 1865 ya baro Tarabulus, ya keta Sahara, ya bi ta Kukawa da Bauchi, daga bisani ya ɓulla Legas. A rubutunsa ya haɗa sunan garin da na Abdu Zanga. Duk wannan tafiya da 'yan rakiya da tambaya ya yi ta. Da ma an ce matambayi ba ya ɓata.

3. Harbin Keffi da aka ji a Kano

A watan Oktoban 1902, Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a Keffi kuma mai ƙarfin faɗa a ji a garin, ya harbe jami'in Turawan mulkin mallaka Kyaftin Moloney. Bai tsaya wata-wata ba, ya hau doki ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan tarba tana cikin hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa na kai wa Kano yaƙi. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Kano ta faɗa hannun Turawa, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Shi kuwa Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, suka kwanta dama tare a yaƙin Burmi, ranar 27 ga Yulin 1903. Ke nan cikin wata goma, abin da ya faru a Keffi ya ratsa tarihin Arewa baki ɗaya.

4. Dutse na wanda aka kashe, fada ta Yamusa

Tsaunin da ake hangen garin daga kansa har yau sunan Moloney yake amsawa, kuma can kabarinsa yake. Sunan Yamusa kuma yana fada: Mai Martaba Sarkin Keffi, Dakta Shehu Chindo Yamusa na Uku, ya gaji mahaifinsa Muhammadu Chindo Yamusa na Biyu a 2015. Yaron da ya hau dutsen da safe, ya ga ƙofar fada da yamma, ya karanta darasin tarihi da ƙafafunsa.

5. Katsina ta kafa, Katsina ta dawo karatu

Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda aka kafa a 1949, a nan ɗan Katsina marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi sakandare daga 1965 zuwa 1969. Haka kuma jami'ar jihar Nasarawa, da ta buɗe a 2002, a Keffi take, ba a Lafiya babban birnin jihar ba.

6. Wasan da aka haifa cikin dare ɗaya

Kafin watan Mayun 2000, da gangan sojin Amurka suke dagula saƙon GPS, wato tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam, da farar hula ke samu, har na'ura kan yi kuskuren mita 100. A daren 1 ga Mayu, wayewar 2 ga wata, Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Gari na wayewa kuskuren ya dawo kimanin mita 10. Da wancan kuskure, unguwa kawai na'ura za ta nuna maka. Da wannan kuwa, har gindin bishiyar take kai ka.

7. Bokiti da gwangwanin wake

Ranar 3 ga Mayun 2000, wani masanin kwamfuta, Dave Ulmer, ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanya lambobin wurin a intanet don gwada sabon tsarin. A ciki akwai littattafai, finafinai, 'yan kuɗi, danƙon harbi da gwangwanin wake. Abin dariya, yau dokar wasan ta hana sanya abinci, saboda dabbobi kan shinshino su wargaza ajiyar.

8. Kakan wasan kwalba ce

Tun 1854 wani ɗan rakiyar matafiya a dajin Dartmoor na Ingila, James Perrott, ya ajiye kwalba a wani lungu mai wuyar zuwa, duk wanda ya kai wurin ya jefa katinsa a ciki. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: wasan ɓuya ne na dandali, sai dai an sa masa taurarin ɗan'adam.

9. Daga 75 zuwa miliyan uku

Lokacin da Jeremy Irish ya buɗe babban shafin wasan a Satumban 2000, ajiya 75 ce kacal a duk duniya. Yanzu sun haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. A 2008 Richard Garriott ya bar ɗaya a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kuma motar bincike ta Perseverance da ta sauka duniyar Mas a Fabrairun 2021 tana ɗauke da wata lambar wasan a jikinta.

10. Lamba ɗaya kan kai ka gidan maƙwabci

Taurarin GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma sai waya ta ji huɗu daga cikinsu kafin ta san inda kake. Keffi tana wajajen digiri 8.85 arewa, 7.87 gabas. Digiri ɗaya daidai yake da kimanin kilomita 111. Saboda haka idan ka kuskure lamba ta uku bayan ɗigo da ɗaya tak, ka kauce da mita 111. Yaran da ke gudun lissafi a aji, a nan da kansu za su nemi biro.

11. Ajiyar da ta rufe kasuwa

A Yulin 2011, a garin Wetherby na Ingila, an hangi wani mutum yana lallaɓa ƙaramin akwati a ƙarƙashin tukunyar furanni. Aka kira 'yan sanda, aka rufe titi na sa'o'i, masu kwance bam suka tarwatsa akwatin. Ashe ajiyar wasa ce. Idan haka ta faru a Ingila, to a nan gida sai a ninka hattara: ban da kusa da bariki, ofishin 'yan sanda, banki, masallaci, coci, tasha ko shingen bincike.

12. Ruwan da ya fi Biktoriya tsawo

Iyalin da ke da ƙarfin Lahadi, su yi sammako su bi ta Akwanga zuwa ƙaramar hukumar Wamba, inda Farin Ruwa ke zubowa daga tsawon kimanin mita 150. Mashahurin magangarin Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe mita 108 ne, ko da yake ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Tafiyar yini ce, akwai taku a ƙafa, kuma a tambayi mutanen gari halin hanya kafin a kama ta.

13. Yadda za a shirya na gida

Ba sai an jira wani ya ɓoye ba. Da yammacin Juma'a, baba ko kawu ya sami robobi uku masu murfi da ake ganin cikinsu, ya sa takarda da fensir da 'yan kyaututtuka irin su maɓalli, zobe ko kwandala. Ya nemi izinin mai wuri ko mai unguwa, ya ajiye su a harabar masauki ko gidan ɗan'uwa, ya kwafi lambobin daga taswirar waya. Ƙa'idojin kaɗan ne: ba a haƙa rami, ana barin aƙalla mita 161 tsakanin ajiya biyu, wanda ya samu ya rubuta sunansa da kwanan wata, wanda ya ɗauki abu ya ajiye madadinsa. A kowace roba a sa tambaya ɗaya: wa ya kafa Keffi, ina Magaji ya nufa, wane shugaban ƙasa ya yi karatu a nan? Kafin yaro ya zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse, a fara taɓawa da sanda, saboda kunama da maciji.

Mai karatu, in hanya ta sake biyo da kai Keffi tare da yara, ka rage gudu ka shiga gari. Ka cika waya da caji, ka riƙe ruwan sha, kuma idan an gama wasa a kwashe robobin, a bar wuri yadda aka same shi.