Maginan Butar Shayi Na Tokoname

A ƙasar Japan, kudu da birnin Nagoya, akwai wani gari wai shi Tokoname, wanda ya shahara wajen ginin butar koren shayi. Sunanta kyusu. Da jan yumɓu mai ƙarfe a ciki ake gina ta, mariƙinta kuwa a gefe yake kamar na ludayi.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne rariyarta. Ita ma ta yumɓu ce, magini kan zauna ya huda ƙofofinta ɗai-ɗai, sa'an nan ya goge murfin har ya zauna daram. Ba a ɗora butar bisa wuta yadda mu kan yi da tamu. Sai ruwa ya ɗan huce tukuna a zuba, gama tafasasshen ruwa kan sa shayin ɗaci. Ba a kuma wanke ta da sabulu.

A 1998 Gwamnatin Japan ta girmama Yamada Jozan na uku saboda gwanintarsa a wannan sana'a. Amma fa tun 1985 aka fara sayar da dafaffen koren shayi cikin gwangwani, daga baya cikin kwalabe, har gidaje da dama suka daina ajiye buta, kasuwar magina ta ja baya.