Ciwon Kai Mai Tasowa Daga Wuya

Ba kowane ciwon kai ne tushensa ke cikin kai ba. Akwai wani iri wanda daga wuya yake tasowa, mutum ya yi ta ɗaure goshi da ƙyalle, alhali kuwa cutar tana can ƙasan ƙeya. Wani likita mutumin ƙasar Norwe, Ottar Sjaastad, shi ya raɗa masa suna a 1983.

Ga yadda abin yake. A cikin wuyan mutum akwai ƙasusuwa 7, an jera su ɗaya bisa ɗaya. Raƙumin dawa ma, duk tsawon wuyan nan nasa, 7 ɗin ke gare shi. Su ne ke ɗauke da kai, nauyinsa kuwa wajen kilo 5 ne. Ta tsakanin ƙasusuwan na sama jijiyoyi uku suke fitowa a kowane gefe. Waɗannan suna haɗuwa cikin laka da wata babbar jijiya mai kai labarin goshi da ido zuwa ƙwaƙwalwa. To, ka ga manzanni biyu ke nan daga garuruwa dabam, sun shigo ta zaure ɗaya. Ƙwaƙwalwa takan kasa bambanta su. Gaɓar wuya ce ta yi kuka, amma sai mutum ya ji zafi a goshi.

Yaya za ka gane shi? Yakan kama gefe ɗaya, ba ya komawa ɗayan. Yakan fara daga ƙeya, ya hau bisa kai, ya sauka bayan ido. Kadan ka waiwaya, ko aka danna maka gindin ƙeya da yatsa, sai ya tashi. Wuya kuma ba ya juyawa sosai, wani lokaci har kafaɗa takan yi tsami. Yana kama da ciwon ɓarin kai, saboda haka akan ruɗe, amma shi ɓarin kai ya fi zuwa da amai da ƙin haske.

Abin da ke kawo shi, akwai faɗuwa, da haɗarin mota inda wuya ya fizgu, da lalacewar gaɓoɓi saboda tsufa. Tela mai yini a sunkuye da ɗan dako mai ɗora buhu a ka, su ma wuyansu na shan wahala.

Ƙwayar maganin ciwon kai ba ta yi masa sosai, yawan shanta kuwa kullum shi kansa yana jawo wani ciwon kan. Ƙahon wanzami ma ba ya kai wa gaɓa. Abin da ya fi amfani shi ne motsa wuya a hankali yadda ma'aikacin asibiti zai koya maka, da tashi daga aiki loto loto, da rage tsayin matashin kai. In ya ƙi, likita yakan yi allura mai kashe zafi a jijiyar. Kada fa ka yarda wani ya murɗa maka wuya da ƙarfi.

Amma in ciwon kai ya zo da zazzaɓi, wuya ya sandare har haɓa ba ta taɓa ƙirji, wannan wani abu ne dabam, yana yiwuwa sanƙarau ne, irin wanda ya kashe dubban mutane a Arewa cikin 1996. Haka kuma in ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe. A kai mutum asibiti nan da nan, kada a jira gari ya waye.