Shugaba Lincoln a Hannun Masu Zane

 A wannan makon mun kawo muku bayani a kan Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, da yadda masu zane suka nuna shi ga mutanen zamaninsa.

An haifi Lincoln a shekarar 1809 a jihar Kentucky, a cikin ɗan ƙaramin gida na itace. Ya yi mulki daga 1861 zuwa 1865. A lokacinsa ne aka yi yaƙin basasa tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, kuma babban abin da ya jawo shi shi ne maganar bauta. Baƙaƙen fata kusan miliyan 4 ne suke cikin bauta a ƙasar. A wancan zamani akwai kyamara, amma jaridu ba su fara buga hotonta kai tsaye ba. Sai mai zane ya zana da hannu sannan a buga. Saboda haka mutane da yawa ta hanyar zane suka san kamannin shugabansu.

Zanen iri biyu ne. Akwai zanen fenti, wanda ake ɗaukar watanni ana yi don a rataye a ajiye tarihi. Akwai kuma zanen barkwanci na siyasa, wato katun, wanda ake yi da sauri don a yi wa shugaba dariya ko a soki aikinsa. Mai katun yakan ƙara gishiri. Da yake Lincoln dogo ne siriri, sai su ƙara masa tsawon ƙafafu da hannaye.

Mu ɗauki misali ɗaya. A ranar 1 ga Janairu 1863 Lincoln ya sa hannu a takardar shelar 'yanta bayin da ke jihohin da suka yi tawaye. Wani mai zane, Francis Carpenter, ya yi kusan wata 6 a Fadar White House a 1864 yana zanen fenti a kan wannan takarda. Ya zana Lincoln a zaune cikin natsuwa, takarda a hannunsa, ministocinsa 7 suna kewaye da shi, ranar da ya fara karanta musu ita. Duk wanda ya kalla zai ce ga dattijo mai hankali. Yau zanen yana rataye a ginin majalisar dokokin Amurka.

Wani kuma, Adalbert Volck, likitan haƙori ne a birnin Baltimore, kuma yana goyon bayan Kudu. Shi ma ya zana Lincoln da takardar nan. Amma a nasa zanen Lincoln ya taka kundin tsarin mulki da ƙafa, fuskarsa a murtuke, ga wani ɗan shaiɗan yana riƙe masa kurtun tawada. Volck yana so ya ce Lincoln ya karya doka, kuma aikin shaiɗan yake yi. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Takarda ɗaya ce, shugaba ɗaya ne, amma zanen ya bambanta domin zuciyar masu zanen ta bambanta. Carpenter yana ƙin bauta. Volck yana tare da masu son a ci gaba da ita. Kuma dukansu akwai abin da ba su nuna ba. Shelar ba ta 'yanta dukan bayi ba. Sai a Disamba 1865 aka gyara tsarin mulki aka haramta bauta a duk ƙasar.

Masu zane ma suna canza ra'ayi. Mujallar Punch ta Landan ta daɗe tana yi wa Lincoln ba'a. Da aka harbe shi a gidan wasan kwaikwayo ranar 14 ga Afrilu 1865, ya mutu washegari, sai mujallar ta buga zanen John Tenniel. A ciki an ga wata mace da ke wakiltar Birtaniya tana ajiye furanni a kan gawarsa don ta'aziyya.

Ana cewa gani ya kori ji, amma zane ra'ayin mutum ne. Idan muka ga hoton shugaba a littafin tarihi, ko katun a jarida ko a waya, mu yi tambaya uku. Wa ya zana? Yaushe ya zana? Wane ɓangare yake goyon baya? Idan ba mu tambaya ba, za mu iya ƙin mutumin kirki ko mu yabi azzalumi saboda zane kawai.

Mu haɗu a fitowa ta gaba.