Wasan Pokémon da Darasin Ilmin Halittu

A shekarar 1996 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Pokémon, inda mai wasa ke yawo yana kamun halittun almara har iri 151. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro shi, ya taso yana tara ƙwari. Wasan ya karɓu matuƙa, har wani bincike na 2002 ya nuna yara 'yan shekara 8 a Ingila sun fi gane waɗannan halittu a kan dabbobi da tsirran ƙasarsu. Sai dai ɗalibai su lura: abin da wasan ke kira juyin halitta, rikiɗa ce kawai, irin ta talibambam zuwa kwaɗo. Juyin halitta na gaskiya kuwa sai an bi zuriya bayan zuriya kafin a gan shi.