Hawan Zamunna a Birnin Kiyoto

Ranar 22 ga watan Oktoba ta kowace shekara, bayan zafi ya karye a Jafan kuma kaka ta kankama, mutanen Kiyoto kusan 2,000 sukan ajiye kwat da wando su yi shigar kaka da kakanni. Da rana tsaka ayarin yake fitowa daga tsohuwar fadar sarki, ya ratsa tsakiyar gari, ya nufi wurin bauta na Heian, tafiyar kilomita huɗu da ɗoriya. Tsawon ayarin kansa ya kai kilomita biyu, wanda ya kama wuri a bakin titi kuwa sai ya yi kusan awa biyu kafin na ƙarshe ya gifta. Wannan shi ne Jidai Matsuri, ɗaya daga manyan bukukuwa uku na birnin, tare da Aoi na watan Mayu da Gion na watan Yuli.

Takaici ne ya haifi bikin. Fiye da shekara dubu sarautar Jafan tana zaune a Kiyoto, sai a 1869 Sarki Meiji ya tare a Tokiyo, fadawa suka bi shi, gari ya yi sanyi. Da shekarar 1895 ta zo, mutanen gari suka gina wurin bautar Heian don tunawa da cikar birnin shekara 1,100, suka kuma shirya wannan hawa. Ranar da ake yinsa ita ce ranar da Sarki Kanmu ya shigo da sarauta garin a 794. Sarki ya tafi, amma ai bai tafi da tarihi ba, kuma abin da suke fitowa su nuna ke nan.

Da baya-baya ake jera zamunnan. Masu buɗe hanya samari ne da sarewa da ganga, a madadin manoman ƙauyen Yamaguni da suka ɗauki makami suka goyi bayan sarki a 1868. Bayansu sai zamanin Edo, inda barori ke tafe da akwatuna a kafaɗa suna jefa wa juna dogayen masu masu tuntu. Sai Oda Nobunaga da mayaƙansa cikin sulke, sai maharba a kan dawakai, haka ake ta gangarawa har zamanin Kanmu. Can baya ake tafe da kujeru biyu masu rumfa, waɗanda a aƙidarsu ta Shinto suke ɗauke da ruhin Kanmu da na Komei, sarki na ƙarshe da ya ƙare mulkinsa a Kiyoto. A wurin masu bikin, duk sauran jama'ar 'yan rakiya ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne su waye a cikin kayan. Yawancinsu ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne, mutanen unguwa ne: mai shago, ma'aikacin ofis, ɗalibi, tsohon da ya yi ritaya. Ƙungiyar 'yan gari mai suna Heian Kosha ce ke riƙe da bikin, ta raba zamunnan ga sassan birni, a cikin kowane sashe kuma unguwanni ke karɓa-karɓa. Wanda ya san yadda kowane hakimi ke shigowa da tawagarsa a Hawan Daushe zai gane tsarin nan take. Akwai unguwar da sai ta jira shekaru masu yawa kafin layi ya zo kanta, saboda haka idan ya zo ba a wasa. A nemo masu fita, a tara gudummawa, wanda bai taɓa riƙe linzami ba ya je ya koyi zaman sirdi, yaran sarewa kuwa su yi ta bita da daddare har su haddace taken. Ranar hawa mutum ya ɗaura takalmin ciyawa ya taka kwalta da shi har ƙarshen hanya.

Kayan ma ba na je-ka-na-yi-ka ba ne. Tufafi da makamai da sauran tarkace sun kai guda 12,000, kowanne sai da masana tarihi suka bi diddiginsa, sannan masaƙa da marina da maƙeran Kiyoto suka yi shi yadda aka yi na asali, tun daga zare har rini. Da wannan aiki sana'o'in hannu da dama suke samun abin yi.

Sai dai ba kowa tarihin ya ɗauko tun farko ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da bikin, kuma sai da aka dawo da shi a 1950 aka shigar da ayarin fitattun mata. Yanzu kusan su suka fi jan ido: Tomoe Gozen, jarumar da ke kan doki da sulke, da marubutan nan biyu, Murasaki Shikibu da Sei Shonagon, zaune a kan dandamali guda, alhali Murasaki ta caccaki Sei a littafinta na tuna baya. 'Yan geisha na unguwannin birnin, wato mata masu sana'ar rawa da kiɗan gargajiya, su ne ke karɓa-karɓa wajen fitowa a madadin wasu daga cikinsu. Akwai kuma talakawa, matan Ohara da damin itace a ka, da na Shirakawa masu tallar furanni.

Zamanin Muromachi kuwa, mai shekara fiye da ɗari biyu, tsallake shi aka yi ta yi, domin ana ɗaukar Ashikaga Takauji, wanda ya kafa shi, a matsayin wanda ya yi wa sarki tawaye. Sai a 2007 aka ba shi gurbi. Mayaƙan Shinsengumi, waɗanda suka tsaya wa gwamnatin Tokugawa ta zamanin Edo a titunan Kiyoto, har yau ba su cikin ayarin, duk da farin jinin da suke da shi a fina-finai.