Awoyin da ke kan tikitin jirgi ba su ne awoyin sama ba

Duk lokacin da maniyyata suka karɓi tikitinsu, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun Sanam da Filinge: wai jirgin zuwa Saudiyya tsoho ne, shi ya sa yake cin awa takwas, na dawowa kuma huɗu kacal. Wasu har suna cewa kamfani ne ke jan tafiyar da gangan. Wannan zance yana damuna, domin kuskuren yana wajen karatun takarda.

Kowane lokaci da aka buga a tikiti, agogon garin da ake magana ne. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2. A ce jirgi ya bar filin Diori Hamani na Yamai da ƙarfe 10 na safe, ya yi awa 6 a sama. A agogon hannun alhaji ƙarfe 4 ne na la'asar, amma a Jidda ƙarfe 6 ta buga, kuma ita tikiti zai nuna. Mai lissafi da yatsu sai ya ga awa 8. Ran dawowa lissafin ya juye, awa 6 ta koma 4 a takarda. Jirgin ɗaya ne, gudunsa kuma bai wuce kilomita 850 zuwa 900 a awa ba.

Sai maganar hanya. Daga Yamai zuwa Jidda kusan kilomita 4,000 ne in an miƙe, amma miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa Cadi da Sudan, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jiragen fasinja ke kauce wa mafi yawan sararinta. Direban da ya tarar da kori ya cika da damina ya san abin: garin bai matsa ba, amma kewaye ya ƙara masa mai da lokaci.

Masu zuwa Turai sun fi jin jiki. Yamai zuwa Paris ma kusan kilomita 4,000 ne, tafiyar awa biyar da rabi a da. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Air France ya daina zuwa, aka kuma hana jiragen Faransa ratsa sararin Nijar. Wanda ya bi ta Istanbul sai ya fara cin wasu kilomita 4,000, sannan ya ƙara fiye da 2,000 zuwa Paris, wajen awa uku da rabi, ban da zaman jiran canjin jirgi, wanda kan fi tafiyar kanta gajiyarwa.

Abin da nake gani ya rage shi ne bayani. Hukumar kula da aikin hajji, COHO, da kamfanonin jigilar alhazai suna koyar da ɗawafi da sa'ayi a wajen bita. Da za su ƙara minti biyar su nuna wa dattijon da ya baro Sanam ya biyo ta Baleyara yadda zai gyara agogonsa in ya sauka, da bai rikice da lokacin salla ko na shan maganinsa ba.