Rance Jari Ne, Ba Ganima Ba

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na gaji da ji a bakin jama'a, wai ƙaramin rancen da bankunan talakawa ke bayarwa rabo ne daga Allah, wanda ya samu ya ci, babu mai binsa. Da idona na ga matar da aka ranta wa kuɗin gyaɗa domin ta yi ƙuli-ƙuli, ta mayar da su atamfar anko da goron suna, ranar biya kuwa sai ga kaskon suyarta a hannun dillaliya.

Wannan fahimta ɓata ce bayyananniya. Asalin tsarin daga ƙasar Bangaladash ne, inda a shekarar 1976 wani malamin jami'a, Muhammad Yunus, ya tarar da matan ƙauyen Jobra suna saƙa kujerun gora, amma ribar guminsu tana ƙarewa a hannun masu ba su bashi, sai ya ranta wa mutum 42 dala 27 daga aljihunsa. Daga nan aka kafa Bankin Grameen a 1983, har aka ba Yunus da bankin lambar yabo ta Nobel a 2006. To, a lura, matan nan da sana'arsu a hannu aka same su, jari kawai suka rasa, kuma sun biya. Inda aka saki wannan ƙa'ida, kamar jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, talakawa sun riƙa cin bashi domin biyan bashi, har sai da hukuma ta shiga tsakani da doka. Tsadar ruwan da wasu bankuna ke ɗorawa ma tana da nata laifin.

Saboda haka, kada ka karɓi rance sai kana da sana'ar da ka iya, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ka lissafa ribarka ta mako kafin ka yarda da biyan mako. Ka raba uwar kuɗi da kuɗin cefane. Ka tambayi malamai ko akwai riba irin wadda shari'a ta haramta a cikin sharaɗin, a kuma rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kamar yadda Suratul Baƙara ta umarta. In adashi zai ishe ka, to, ya fi maka kwanciyar rai.

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Bashi amana ne, kuma ko mutuwa ba ta sauke shi sai an biya.